Shirin hira da ke taɓa adabi da fasaha da rayuwar gari: zai iya ɗorewa?

Tambaya: Mu uku ne, ni da ƙawayena biyu, muna son fara fodkas, wato shirin murya da ake saki a intanet. Niyyarmu mu riƙa hira da marubuta da masu zane da mawaƙa, mu kuma riƙa jin ta bakin mutanen garinmu kan rayuwarsu. Wasu sun ce mun haɗa abubuwa da yawa, gara mu tsaya kan littattafai kaɗai in muna son masu sauraro. Gaskiya ne? In ba gaskiya ba ne, yaya za mu yi doguwar hira ba tare da ta koma surutu ba?

Ƙanwata, akwai ƙamshin gaskiya a maganar masu ba ku wannan shawara. Manhajojin da ake sauraron fodkas suna rarraba shirye-shirye ne aji-aji, littattafai nan, tarihi can, don haka shirin da ya tsaya kan abu ɗaya ya fi saurin faɗawa hannun mai neman abin. In burinku ku tara masu sauraro daga ko'ina cikin 'yan watanni, ku bi shawararsu. Amma kin ambaci garinku, kuma wannan ya canza lissafin. Ra'ayina shi ne kada ku rage batutuwa. Abin da za ku ƙuntata shi ne salon tambayarku da mutanen da kuke yi wa shirin. In waɗannan biyun suka zauna daram, yau ku zauna da marubuciya, mako mai zuwa da kafinta, mai sauraro ba zai ji an sauya masa tasha ba.

Ba ku ne farau ba a wannan hanya. Studs Terkel ya yi shirin hira a gidan rediyon WFMT na birnin Shikago a Amurka daga 1952 zuwa 1997, shekara 45 ke nan, kuma shirye-shiryen da ya bari sun haura 5,000. Ya zauna da marubuci James Baldwin, ya zauna da Martin Luther King, ya zauna da mawaƙiya Mahalia Jackson. Shi ɗin dai ya ɗauki rakodarsa ya bi ma'aikata yana tambayarsu yadda suke ji da aikinsu na kullum, har da mai haƙar kabari da ɗan kwana-kwana, hirarrakin suka zama littafi a 1974. Babu wanda zai ce wannan mutum ya tsaya kan batu ɗaya. Abin da bai taɓa canzawa ba shi ne halinsa a gaban baƙo. In marubuci ne, an san shi da zuwa da littafin a hannu, duk ya ja layi ya cika gefen shafuka da rubutu. In mai haƙar kabari ne, da irin wannan natsuwar yake tambayarsa, don ya tabbata akwai ilimin da ba zai samu a wurin kowa ba sai shi. Masu sauraro Terkel suke biyowa, sun amince duk wanda ya kawo musu akwai dalilin kawo shi.

Terry Gross ma a 1975 ta fara gabatar da shirin hira na rediyo mai suna Fresh Air a matsayin shirin gari ɗaya, Filadelfiya, sai a 1987 ya zama shirin kullum da ake ji a faɗin Amurka. A BBC kuma akwai Desert Island Discs da Roy Plomley ya ƙirƙira a 1942, yana nan har yau. Baƙinsa sun haɗa da 'yan siyasa da masana kimiyya da 'yan wasa da marubuta, amma kowa abu ɗaya ake tambayarsa: in aka bar ka a tsibiri kai kaɗai, waɗanne faifai takwas za ka tafi da su, da wane littafi, da wane abin more rayuwa guda ɗaya? Ta wannan 'yar ƙofa mutum ke fito da tarihin rayuwarsa duka. Shi kansa fodkas da hira ya buɗe ido: cikin na farko-farko akwai hirarrakin da ɗan jarida Christopher Lydon ya naɗa a 2003, Dave Winer ya rarraba su ta RSS, wato hanyar da ke kai sabon shiri kai tsaye ga masu bibiyarsa a intanet, shekara biyu kafin kamfanin Apple ya saka fodkas cikin manhajarsa ta sauraron kiɗa, iTunes.

To ku me za ku riƙe? Ba ni zan zaɓa muku ba, amma zan faɗi abin da na ga yana aiki ga shirin da ke da gari. Tambayoyi biyu ne da za a yi wa kowane baƙo ko wane ne shi: yaya kake yin aikin nan da hannunka, kuma me zaman garin nan ya sa wa aikin? Kuskuren da na fi gani shi ne a raba baƙi gida biyu ba a sani ba. Marubuci ya zo, a tambaye shi falsafa da ma'anar rayuwa. Tela ko direba ko ungozoma su zo, a tambaye su matsaloli da abin da suke so hukuma ta yi musu. Da zarar kun yi haka, shiri biyu kuke yi da suna ɗaya, kuma a nan ne maganar masu ba ku shawara za ta tabbata. Ku juya abin. Marubuci ku tambaye shi layin da ya tashi, da muryar wa yake ji a kunnensa in yana rubuta maganar tsohuwa, da inda yake zama ya yi rubutu in gida ya cika da hayaniya. Tela kuwa ku yi masa irin tambayar da ake yi wa mai zane: ta yaya kake gane wuyan riga ya zauna, wa ya koya maka, wane ɗinki ne ka warware saboda ranka bai kwanta da shi ba ko da mai kayan bai ga aibinsa ba? Duk mai sana'ar da ya daɗe yana da ma'aunin kyau nasa na kansa, kuma da wuya a taɓa tambayarsa.

Batun surutu kuwa, tushensa kusan kullum ɗaya ne: mai tambaya bai yi shiri ba. Wanda bai karanta littafi ba ba shi da abin tambaya sai irin su daga ina kike samun basira, wane saƙo kike son isarwa, wace shawara za ki ba matasa. Duk marubuciyar da aka taɓa hira da ita ta haddace amsoshin nan, za ta karanto muku su, ku kuma ku yi ta gyaɗa kai. Na taɓa zama da wata marubuciya da ta zo a gajiye, ta sha hira da 'yan jarida kan sabon littafinta, amsoshinta duk a goge suke. Sai na buɗe littafin a inda na naɗe kusurwar shafi, wurin da yarinyar labarin ta dawo gidan mahaifinta bayan shekaru, ta tsaya a bakin ƙofa, babin ya ƙare ba a nuna ta shiga ba. Na karanta layukan ƙarshe, na ce me ya hana ki shigar da ita? Ta miƙo hannu ta karɓi littafin, ta zuba wa shafin ido, ta yi shiru har mai kula da na'ura ya ɗago kai. Sannan ta ce ai ta shigar da ita. Ta rubuta abin da ya faru a cikin gidan har shafuka da dama, daga baya ta yage su, don duk maganar da ta sa a bakin uban sai ta ji ƙarya ce. Daga nan muryarta ta sauka, ta daina jawabi ta fara hira. Abin da ya biyo baya, kan ubanni da 'ya'yansu mata da maganganun da ba a iya faɗa a cikin gida, shi ne shirin. Tambayar ƙarama ce, amma ba ta zuwa sai ga wanda ya karanta har wannan shafin.

Saboda haka ku ɗauki ƙa'ida: ba a gayyatar marubuci sai ɗayarku ta gama littafin, ba a gayyatar mai zane sai an je an tsaya gaban zanen, ba a hira da mai sana'a sai an zauna wurin aikinsa an ga yadda yake yi. Wannan ne zai ƙayyade muku yawan shirin da za ku iya fitarwa. In karatu bai ba ku damar kowane mako ba, ku yi duk mako biyu, ku riƙe ranar gam.

Ku rubuta tambayoyi, biyar ko shida sun isa, sauran daga bakin baƙo za su fito in ana sauraronsa. Yawancin masu fara aikin nan, baƙo na magana idonsu na kan tambaya ta gaba, sai ya jefo magana mai nauyi a tsakiyar zance, misali ya ce "wancan lokacin da na daina rubutu", su wuce ba su ji ba. Nan ne wurin tsayawa a ce: ka daina? Yaushe? Sai kuma shiru, wanda shi ne mafi wuyar koyo. Mutum yakan ba da amsar da ya saba bayarwa, ya tsaya ya dube ki. In kika yi sauri kika cike gurbin, da ita za ki tafi. In kika daure na 'yan daƙiƙoƙi kina kallonsa, sau da yawa sai ya ce "gaskiya dai…", kuma abin da ya biyo baya shi kika zo nema. Ki koyi amsawa da kai da ido, domin "eh" da "haka ne" da "to" da muke jefawa a hirar yau da kullum suna hawa kan muryar baƙo a naɗi, cire su kuwa aiki ne mai cin rai. Ki kuma yi tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. In kika haɗa uku, mafi sauƙin zai amsa ya bar sauran.

Kin ce ku uku ne. Ƙawaye uku a gaban makirfo da baƙo ɗaya, da wuya baƙon ya samu fili. Za ku yi dariyar da ku kaɗai kuka san tushenta, wannan ta fara bin wata magana waccan ta katse da tata tambayar, mai sauraro kuma ya kasa bambance muryoyi. Ɗaya ta ja hirar. Ta biyu ta sa hedifon tana lura da sauti, tana rubuta minti da daƙiƙar duk inda aka faɗi abu mai kyau ko aka yi tari. Ta uku ta zauna gefe, a ƙarshe a ba ta dama ta yi tambayar da ta ga an tsallake. Sau da yawa tata ce ke fin ta kowa, domin ita kaɗai ce ba ta da wani aiki sai saurare. Ku riƙa karɓa-karɓa gwargwadon wadda ta fi sanin batun ranar.

Game da tsawo, ku bambanta tsawon naɗi da tsawon shiri. Naɗi ya yi awa ɗaya ko da rabi, don mutane ba sa sakin jiki sai an yi nisa. Shirin da za ku saki kuwa abin da ya tsira ne bayan tacewa. StoryCorps, ƙungiyar da Dave Isay ya kafa a 2003, tana zaunar da mutum biyu da suka san juna su yi hira ta minti 40, amma 'yan mintoci kawai ake sakawa a rediyo, cikakkiyar hirar kuma a ajiye ta a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka. Ba na ce ku yanke har haka ba, hira kan littafi tana buƙatar sarari, ni dai tsakanin minti 35 zuwa 50 na fi ganin tana zama daidai. Inda ya fi buƙatar almakashi shi ne farko: doguwar gaisuwa, jera muƙaman baƙo, tarihin makarantun da ya yi. Ku gabatar da shi da kanku cikin jimla uku, ku shiga inda hirar ta kankama. Amma tacewa amana ce. Ana cire maimaici da kame-kame, ba a cire "amma" ko "a wancan lokacin" da rashinsu zai mai da magana wadda mai ita bai faɗa ba, ba a kuma ɗauko amsar wata tambaya a liƙa wa wata. Mai tace sauti yana kallon allon kwamfuta yakan ga wuri fayau babu zanen murya, ya ɗauka ɓata lokaci ne ya share, alhali nan ne baƙo ke haɗiye abin da ya taso masa. Ku saurari wurin kafin ku taɓa shi.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi wuya, wanda manyan shirye-shiryen da na ambata ba sa fama da shi kamar yadda za ku yi. Baƙonku maƙwabci ne, ko malamin da ya koyar da ku, ko abokin mahaifin ɗayarku, kuma gobe za ku haɗu a hanya. Wannan kusanci shi ke buɗe muku ƙofar da ɗan jarida daga nesa ba zai samu ba, shi ne kuma ke ɗaure harshe. Sai shiri ya koma yabo: kowane littafi gagarumi, kowane mawaƙi fasihi, kowane dattijo abin koyi. Mai sauraro yana gane wannan da wuri, kuma daga ranar yabonku ya daina amfanar kowa, har wanda ya cancance shi. Ba sai kun ci mutuncin kowa ba. Ki mai da abin da ya dame ki tambaya kan aikin: "Malam, rabin farko na littafin ya tafi a hankali, amma ƙarshen ya zo da sauri har na ji ban ƙoshi ba. Da gangan ne?" Marubucin kirki yana jin daɗin irin wannan, don ta nuna masa an karanta shi da gaske. In kuwa littafi ba shi da abin da za ku tattauna a kai sai yabon ƙarya, kada ku gayyaci mai shi, ko da zai ji haushi. Na san wannan ba ƙaramin nauyi ba ne a garin da kowa ya san kowa, amma da shi shirinku zai samu daraja.

Ku kuma san cewa mai tambaya yana canza amsa. Tsakanin 1936 da 1938 gwamnatin Amurka ta tura marubuta su ɗauki labarin tsofaffin da aka haifa cikin bauta, suka tattara labarai sama da 2,300. Taska ce babba, amma masana tarihi suna karanta ta da taka-tsantsan, saboda yawancin masu tambayar farar fata ne, a yankin da baƙar fata ke tsoron faɗin abin da zai jawo masa fitina, don haka ake ganin wasu sun sassauta labarin wahalar da suka sha. Wannan ya shafe ku. Akwai abin da dattijo ba zai faɗa wa sa'annin 'ya'yansa ba, akwai kuma abin da mace za ta faɗa muku wanda ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba. Wani lokaci mafita ita ce ku miƙa makirfon: ku sa tsohon ɗalibi ya tambayi malaminsa, ko abokan sana'a biyu su tuna wa juna, ku kuma ku zauna gefe kuna naɗa. Sannan ku riƙe littafin sunayen baƙinku. Bayan shiri goma ku duba maza nawa, mata nawa, daga waɗanne unguwanni, ko akwai wanda zuwa ya yi garin daga wani wuri. In ba a lura ba, makirfo yana gangarawa ne wurin waɗanda dama ake jin muryarsu, masu muƙami da masu iya magana a taro. Wanda ya ce muku "ni me na sani da za ku tambaye ni", ku koma masa karo na biyu.

Magana zarar bunu ce, ta fodkas kuwa ta fi ta rediyo, don rediyo yana wucewa, wannan yana nan ana iya tura shi ga kowa bayan shekara goma. Mutumin da bai saba da makirfo ba yakan manta da shi in hira ta yi daɗi, ya faɗi sirrin gidansa ko ya ambaci wani da laifi. Kafin ku kunna na'ura ku gaya masa a fili inda muryar za ta je da wanda zai iya ji, ku naɗi amincewarsa da bakinsa ko ya sa hannu a takarda. An san Terry Gross da gaya wa baƙi tun kafin a fara cewa in ta taɓo abin da ya zama sirrinsu su faɗa a wuce, in kuma magana ta karkace musu su tsaya su sake ta. Hakan sakin jiki yake ƙara wa baƙo. Mai riƙe da muƙami da ya zo yin magana kan aikinsa, ni ba na ba shi damar janye abin da ya faɗa. Amma wanda ba shi da kowane muƙami, ya buɗe muku cikinsa don ya yarda da ku, in ya kira washegari ya ce a cire wani wuri, ku cire. In baƙo ya zargi wani da suna, ku sani a dokokin ƙasashe da yawa wanda ya yaɗa ɓatanci yana da alhaki kamar wanda ya furta, don haka ko ku nemi ɗaya ɓangaren ko ku cire sunan. Yaro kuma ba a naɗarsa sai da yardar iyayensa.

Haƙƙin mallaka ma zai biyo ku. Yarjejeniyar Berne, wadda aka fara ƙullawa a 1886 kuma yawancin ƙasashen duniya suka shiga, ta tanadi kariya aƙalla tsawon rayuwar mai aikin da shekara 50 bayan mutuwarsa, ƙasashe da dama sun kai ta 70. Karanta ɗan yanki don a tattauna shi, dokoki da yawa sun yi masa sassauci. Karanta waƙa sukutum ko buɗe shiri da faifan wani mawaƙi kuwa sai da izini, kuma wani lokaci haƙƙin yana hannun kamfanin ɗab'i ko na faifai, don haka yardar baƙon da ke gabanku kaɗai ba ta isa ba.

Na'ura ba zan daɗe a kanta ba. Ɗaki ya fi makirfo muhimmanci: ƙaramin ɗaki mai labule da kafet ya fi babban zaure mai siminti da gilas inda murya ke dawowa da amsa-kuwwa. Ku kashe fanka. Kowane mai magana da makirfonsa, kusa da baki kamar taƙi ɗaya, domin duk lokacin da tazarar ta ninka muryar tana raguwa da kusan desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), hayaniyar ɗaki kuwa tana nan yadda take. Wayar hannu ma tana yi in an kusantar da ita an kuma hana kira shigowa. Manhajar Audacity kyauta ce, ta isa tacewa. Wajen saki ku tuna da datar mai sauraro: awa ɗaya ta MP3, wato fayil ɗin sauti da aka matse, in an saita ingancinsa a 64 kbps kusan megabait 29 ce, a 128 kuma ta kusa 58, alhali ga muryar mutum zalla ta farkon ta wadatar.

Abin da nake roƙonku da shi fiye da komai shi ne adanawa. A farkon shekarun 1960 wata cibiya a Landan mai suna Transcription Centre, ƙarƙashin Dennis Duerden, ta riƙa naɗar hira da matasan marubutan Afirka tana raba wa gidajen rediyo. A cikinsu akwai Chinua Achebe da Wole Soyinka da marubucin waƙoƙi Christopher Okigbo. Okigbo ya mutu a yaƙin basasar Nijeriya a 1967 bai kai shekara arba'in ba, kuma waɗannan hirarraki suna cikin 'yan wuraren da ya yi bayanin waƙarsa da bakinsa. An buga wasu daga cikinsu a littafi a 1972. Masu naɗar ba su san abin da ke tafe ba, shiri kawai suke haɗawa. A ɗaya gefen kuma, BBC da girmanta ba ta adana da yawa daga shirye-shiryen farko na Desert Island Discs ba. Ku ma duk dattijon da kuka zauna da shi, mai yiwuwa naɗinku ne kaɗai inda muryarsa za ta saura, kuma masu nemansa nan gaba, jikokinsa ne ko masu bincike, har abin da kuka yanke za su so ji. Ku ajiye cikakken naɗin a tsarin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, yadda ya fito daga na'ura. Awa ɗaya ta makirfo ɗaya tana cin megabait 300 zuwa 500 da ɗoriya gwargwadon saiti. Ku yi kwafi uku, kada dukkansu su kwana a gida ɗaya. Sunan fayil ya ƙunshi kwanan wata da sunan baƙo, a gefe kuma ku rubuta inda aka yi hirar, da wadda ta yi tambaya, da abin da baƙo ya yarda a fitar da wanda ya hana. Kada ku dogara da kamfanin da ke ɗauke muku shirin a intanet, kamfanoni suna rufewa ko su sauya sharuɗɗa. Ku nemi wani laburare ko jami'a da za ta karɓi kwafi tun da wuri.

Yawan masu sauraro kuwa, kada ku auna kanku da shirye-shiryen da ake ji a duniya. Da yawa daga mutanen da kuke yi wa shirin ba su da manhajar fodkas, don haka ku yanko minti biyu mafi daɗi daga kowane shiri ku tura ta WhatsApp, ku kuma nemi gidan rediyon yankinku ya maimaita cikakken. Alamar shiri ya kama ita ce mutane su fara tare ku suna cewa ai ya kamata ku je wurin wane, ya san abu kaza. In an samu mai ɗaukar nauyi, ku faɗi sunansa a cikin shirin, kada kuma ku bar shi ya zaɓa muku baƙi. Ku naɗi shiri uku ko huɗu kafin ku saki na farko, don kada rashin lafiya ko tafiya ta yanke muku jere. Hirar farko ku yi ta da wanda kuka saba da shi, wanda ba zai damu ba in na'ura ta ba da matsala aka ce a sake. Daga ta biyu ku tafi wurin mafi tsufa a jerin sunayenku, kada ku ce sai kun ƙware.